Juyi Takwas da Suka Tsufar da Salifu

Har yanzu hannuna na dama bai daina rawa ba. Ɗazu da safe na ɗauki allura zan ɗora a kan faifai, sai da na ajiye na sha ruwa tukuna. Amma gara in rubuta wannan tun abin yana da ɗumi, musamman saboda ku 'yan ajinmu na sakandare, masu wucewa ta gaban shago a cikin pragya, keken hayar nan mai ƙafa uku, kuna ɗaga murya, "Adiza, yau faranti nawa kika wanke?" To, ku zauna ku ji yadda ake wanke farantin.

Shagonmu yana cikin Zongon Kumasi, tsakanin mai gyaran keken ɗinki da mai sayar da gawayi. Na Masta Issaka ne, yayan mahaifiyata, wanda ya fara gyaran garmaho tun kafin a haifi Mma. Shekara huɗu ke nan da na gama makaranta. Sakamakon jarrabawa bai kai ni inda nake so ba, sai Mma ta kama hannuna ta kai ni wurinsa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "A gida ni Kawu ne. A nan Masta. Nuna min farcenki." Na nuna. Ya miƙo min abin yanke farce, ya koma kan aikinsa.

Faifan farko da aka bari na taɓa ba shi da mai shi. Wani tsohon faifan kiɗan hailaif ne da rana ta lanƙwasa. Wata uku ina wanke shi, shi kaɗai, har na fara ganinsa a mafarki. A kansa na koyi cewa faifai ba a riƙe shi sai ta baki da tsakiya. Na koyi cewa ruwan famfo yana barin farin gishiri a cikin layuka, don haka ruwan batir muke saya, mu ɗiga masa sabulun ruwa ɗigo ɗaya tak. Burushinmu irin na masu zane ne, mai laushi, kuma zagaye ake bi da shi yadda layin ya bi, ba a ratsawa. Tsofaffin fayafayan nan masu nauyi masu saurin fashewa, in kika kusantar musu da sipirit, narkewa suke yi kina kallo. Allura kuwa da gilashin masu gyaran agogo ake duba bakinta. Wanda ya ɗora kwabo a kan hannun allura don kada ta yi tsalle, Masta ba ya amsa gaisuwarsa sai bayan kwana biyu. Wurin shanya kuma, e, abin jera farantin kicin ne. Daga nan kuka samo tsokanarku, na sani.

Shekarata ta biyu ita ce mummunar shekara. Da damina kwata ta cika ta juyo mana, ruwa ya shiga shago har gwiwa. Kwali bakwai na fayafayan mutane ne a ƙasa. Bangwayen suka koma kamar koko, takarda ta manne a jikin faifai, bayan mako guda fumfuna ta fito fara sol. Masu kayan ba su yi faɗa ba, zuwa kawai suke yi su tsaya a bakin ƙofa suna kallo, wanda ya fi faɗan ciwo. A lokacin ne Masta ya koya mini aikin gam. Farin gam ɗin kafinta ake zubawa a kan faifai yana juyi, a baje shi da tsohon kati har ya rufe ko'ina ban da takardar tsakiya. A kife roba a kai saboda ƙuda. A Kumasi sai ya kwana biyu kafin ya bushe. In ya koma garau kamar leda, sai a ɗaga bakinsa a ɓare shi gaba ɗaya, a hankali, ba numfashi. Duk dattin da ke cikin layuka tare da shi yake fitowa. In kika ɗaga fatar gam ɗin a rana, za ki ga waƙar a zane a jikinta. Wallahi ranar da na fara ɓare ɗaya bai yage ba, sai da na yi tsalle na buga kaina a kanta. Daga wannan shekarar mutane suka fara cewa, "A ba wa yarinyar, hannunta ya iya."

Yanzu sai Shuɗin Zakara, don duk abin da ya faru a kansa ya faru. Ba sunansa ke nan ba, hoton bangonsa ne: wani zakara shuɗi a tsaye a kan rana tana narkewa. Samari huɗu na Zongo suka yi shi a zamanin wando mai faɗin ƙafa, kuma shi kaɗai suka yi. Turawa suna kiran irin kiɗan saikadelik, tsofaffinmu suna ce masa kiɗan juwa. Ogan ne ke farawa, kamar iska a bakin kwalba. Sai jita ta shigo tana gurnani kamar injin niƙa, ta tashi daga lasifikar hagu ta faɗa ta dama ta dawo, gangar dondo tana ƙarƙashi tana tafiya abinta. Fuska ta biyu waƙa ɗaya ce doguwa, a tsakiyarta komai yana tsayawa sai wani abu mai ɗiga. Mai waƙar, Salifu, ya rasu shekara biyu bayan fitowar faifan.

Kowace Juma'a bayan la'asar tsofaffi suna taruwa a bencin shago, a sa musu shi, su yi musun da suka yi a makon jiya. Wofa Yaw, wani Ba'asante da ya tsufa a Zongo, yana cewa fuska ta farko ce kiɗa, ta biyu kuwa, "Yaran nan ya sha wani abu, ni na san shi." Alhaji Mumuni, wanda ya yi rayuwarsa yana sassaƙa ƙarfe a Suame, unguwar makanikai, yana cewa wanda bai gane fuska ta biyu ba ya je ya saurari kukan akuya. Malam Tanko tela kullum sai ya ba da labarin ranar da ya fara jin jitar nan tana yawo, har ya dafa bango. Abu ɗaya ne ba sa musu a kansa, muryar Salifu. Murya ce mai kauri, mai nauyi, tana fitowa a hankali kamar mai ɗauke da kaya. "Dattijo ne a ƙirjin saurayi," in ji Alhaji, sauran su gyaɗa kai.

Injin da ake sa musu shi muna kiransa Ba'amurkiya, don wani ma'aikacin jirgin ruwa ne ya kawo ta daga can. Ita ce ma'aunin shagon. Duk garmahon da aka kawo gyara, Masta yana ajiye shi kusa da ita, ya sa Shuɗin Zakara a nan, ya sa a can, yana murɗa ɗan sukurun gudu har sai muryar Salifu ta zo daidai a duka biyun. Ba ya amfani da komai sai kunne. A Zongo, in ana gardama a kan sauti, cewa ake yi, "Mu je wurin kunnen Issaka."

Bara wani dogon oburoni, wato Bature, ya zo, wuyansa ja wur da rana. Yana da ɗan kamfani a Turai da ke sake buga tsofaffin fayafai. Ni na yi musu tafinta. Ya ce asalin kaset ɗin situdiyo ya ɓace, don haka yana neman faifai guda mai lafiya da zai kwafa. Na shagonmu ya sha allura har ya yi furfura. Mai lafiya guda ɗaya ne ya rage a garin nan, na Hajiya Memuna, yayar Salifu, wadda ta goya shi yana jariri. Ta daɗe da barin sayar da wake da shinkafa, 'ya'yanta ke yi yanzu. Ba ta taɓa zuwa zaman Juma'a ba. In an tambaye ta sai ta ce, "Na ji shi sau ɗaya, ya ishe ni." Ta yarda a sake bugawa, ta ciro nata daga ƙasan akwati, cikin atamfofi. Ba ƙarzane ko ɗaya, amma fumfuna ta yi masa fure a fuska biyun. Ta miƙo min da hannu biyu ta ce, "'Yata, shi ke nan abin da ya rage min."

Kwana biyar na yi a kansa. Gam sau ɗaya a kowace fuska, kuma duka biyun suka ɓaru ba tsaga. Oburonin ya zo da nasa injin, ya toshe kunnuwansa da abin sauraro, ni dai na ɗora allura na ɗaga. Ban ji komai ba. Shi ne yake ta lumshe ido yana ɗaga min babban yatsa.

Mako biyu da suka wuce saƙo ya iso: sabon bugu guda biyar, da sabon garmaho kyauta ga shago. Jama'a, ban san yadda zan gaya muku ba! Na buɗe ledar, ƙamshin sabon faifai ya bugi hancina, abin da ban taɓa shaƙa ba duk shekara huɗun nan. Baƙi ƙirin, yana sheƙi, da nauyi a hannu. A bayan bangon, can ƙasa da ƙananan haruffa, ga sunana a matsayin wadda ta wanke faifan. Na karanta ya fi sau ashirin. Na ruga gida na nuna wa Mma, ta shafa wurin da yatsa ta ce, "To ina sunan babanki?"

Ni na kawo shawarar a sa sabon faifai a sabon inji. Ni na ja Ba'amurkiya zuwa lungu na lulluɓe ta da zane. Ranar Juma'a muka aro benci uku, aka kawo sobolo, wato zoɓo, mai sanyi, mutane har bakin titi. Hajiya Memuna ma ta zo, karo na farko, ta zauna daga ciki da nata faifan a naɗe a cinya.

Tun kafin a sa aka fara musu. Malam Tanko ya ce shuɗin zakaran ya yi yawa, na da ya fi kama da shuni. Wofa Yaw ya auna faifan a tafin hannu ya ce, "Ei, wannan ya ci abinci." Na ɗora allura. Shiru. Babu ƙaras-ƙaras ɗin nan da muka saba, har wani ya ce ko wuta ce ta ɗauke. Sai ogan ya taso, tsaf, kamar a cikin ɗakin ake busa shi. Can sai ga wata 'yar ƙararrawa a bayan ganga, wadda ba wanda ya taɓa ji. Malam Tanko ya miƙe tsaye. "Kun ji? Kun ji? Shekara arba'in tana nan!" Aka yi ta tafi. Alhaji Mumuni ya nuna ni da sandarsa ya ce, "Issaka, yarinyar nan zinariya ce." Wofa Yaw ne kaɗai ya dubi ƙafarsa da ke bin kiɗan ya ce, "Amma ina suke sauri?"

Sai Salifu ya buɗe baki.

Siririyar murya ce, mai haske, tana gudu a kan jita kamar ba ta taɓa ɗaukar kaya ba. Tafin ya mutu.

"Wane ne wannan?" in ji Alhaji.

"Salifu ne, Alhaji," na ce.

"Salifun gidanku! Wannan yaro ne ko mace? Turawan nan sun sa shi a kwamfuta sun matse shi. A kawo na Hajiya, ku ji yadda namiji ke waƙa."

Na karɓi na Hajiya na ɗora a sabon injin, don shi ne a jone. Muryar nan dai ta fito, siririya, iri ɗaya sak.

Abin da ya biyo baya cikin minti biyu ya faru. Alhaji ya juyo gare ni, idonsa ya kaɗa. "Gam! Gam ɗinki ne! Kin ɓare masa murya kin zubar a kwata. Guda ɗaya ya rage a duniya, kika kashe shi karo na biyu!" Ya ɗaga sandar. Na ga tana saukowa, na rufe ido. A kan gilashin kantar da ke gefen hannuna ta sauka. Gilashi ya tarwatse, wani ya yanke ni a bayan hannu. Waɗanda ke waje ba su san me ya faru ba, suka fara turowa ciki, na ji wata murya tana cewa na sayar wa oburoni faifan gaske na kawo jabu. Benci ya kife. Masta ya shiga tsakani ya ture ni bayansa, yana cewa, "Mumuni, 'yata ce! Ku fita!" Na ga bakin Hajiya yana motsi, tana faɗin wani abu, amma ba wanda ya ji. Ta naɗe faifanta ta fita ta ƙofar baya. Kafin magariba mutum shida sun aiko a ba su fayafayansu, wanke ko ba wanke.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne, ni ma na yarda. Ban san wata muryar Salifu ba sai mai kaurin. Na yi ta tuna fatar gam ɗin nan da waƙa a zane a jikinta, ina cewa ashe da gaske wani abu nake cirewa.

Washegari da sassafe na zo sharar gilashi. Na yaye zanen da ke kan Ba'amurkiya don in kakkaɓe, sai kawai na jona ta, na ɗora sabon bugun, ban ma san dalili ba. Dattijon nan ya fito, da kaurinsa da nauyinsa, ba abin da ya ragu. Na zauna a ƙasa. Ashe muryar tana nan. Ke nan a cikin injin biyu ɗaya yana ƙarya.

A takardar tsakiyar kowane faifai an rubuta talatin da uku da sulusi, wato juyin da zai yi a minti ɗaya. Lissafin aji ɗaya ne: a minti uku, ɗari cif. Na ɗauko allin tela na yi ɗigo a bakin farantin sabon injin, wanda faifai ke zama a kai, na saita agogon waya, na ƙirga. Ɗari. Na sake, ɗari. Na koma kan Ba'amurkiya. Casa'in da biyu. Sau uku ina yi, har idona ya fara juwa. Casa'in da biyu.

Ina nan zaune Masta ya shigo. Hanya mai sauƙi tana gabana. In sa wa tsofaffi sabon faifan a Ba'amurkiya, su ji muryar da suka sani, kowa ya ce injin Turawa ne mai gaggawa. Ni na wanku, kunnen Issaka yana nan da sunansa, ba wanda ya ji kunya. Na buɗe baki da niyyar faɗin haka. Sai ya nuna farantin ya ce, "Wa ya shafa wa injina alli?"

Na gaya masa. Ya cire agogon hannunsa ya ajiye a kan tebur, ya ƙirga da kansa, leɓɓansa suna motsi. Da ya gama sai ya ɗaga farantin, ya nuna min wani ɗan zoben tagulla a kan sandar injin, inda bel ke zagayawa.

"Wutar ƙasarsu ba irin tamu ba ce," ya ce. "Da aka kawo ta, tafiya take kamar mai ciwon ƙafa. Shekarar kuma ita ce wadda kaya suka ɓace a kasuwa, ko fis ɗin lantarki ba ka samu a shagunan Adum. Sai na sa aka sassaƙa min wannan don sandar ta ƙara kauri. Da kunne na auna." Ya mayar da farantin. "Kuma duk garmahon da na gyara a Zongo, da ita na daidaita shi. Duk kaset ɗin da na kwafa wa mutane na biki da na suna, daga kanta ne."

Na ce, "Kawu, ba sai an sani ba. Mu ce kawai sabon ne..."

"A nan Masta," ya ce. "Ki share allin ki bar min guntun. Juma'a ki aro benci huɗu."

Makon nan ban iya ɗora allura ba ko sau ɗaya. In babur ya yi ƙara a waje sai in zabura. Masta da kansa ya bi gida-gida yana kiran mutane, har gidan Hajiya.

Shekaranjiya suka zo, sun fi na wancan makon. Alhaji Mumuni ya zauna a gaba bai dube ni ba, amma na lura bai zo da sanda ba. Masta ya jera injin biyu a kan tebur, ya miƙa masa alli da agogo.

"Mumuni, kai ne ma'aunin Suame. Ba ka yarda da kunne ba sai awo. Ƙirga mana."

Alhaji ya ƙirga da ƙarfi, jama'a suka kama masa kamar 'yan makaranta. Sabon inji, ɗari. Da aka zo kan Ba'amurkiya, Malam Tanko mai riƙe da agogo ya ce "Tsaya!" a daidai casa'in da biyu. Wofa Yaw ya ce, "Takwas ya tafi ina?"

Masta ya ce, "Ni na cinye su. Yarinyar nan ba ta ɓare komai ba sai datti. Ita ta gano, da alli. Shekara arba'in da wani abu ina sa muku Salifu a hankali, kuna yaba kunnena." Ya ɗaga farantin, ya zare zoben tagullar ya ɗora a tafin Alhaji. "Ka gane aikin nan?"

Alhaji ya kai shi kusa da ido, ya juya shi. Sai ga bakinsa ya buɗe.

"Kai! Aikina ne! Ai na ce maka a bar masa kauri!"

"Ƙarya kake, kai ka ce bari ka ƙara shafewa ya yi kyau!" in ji Masta.

"Kana tsaye a kaina kana cewa ya isa, ya isa, kunnena ya ji!"

Dariyar da aka yi, har mai gawayi sai da ya leƙo. Wofa Yaw yana share hawaye yana cewa, "Mutum biyu ya ɓata Zongo duka!" Daga nan musu ya ɓarke, sabo fil, irin wanda ban taɓa ji a bencin nan ba. Aka sa fuska ta biyu a nan, aka sa a can. Wofa Yaw ya ce yanzu ne ya gane ta, ashe rawa ce, ba wani abu suka sha ba, injin ne ya sha. Malam Tanko ya ce a ɗari jitar tana cizo, a casa'in da biyu tana lallashi, shi kam duka biyun yana so, ya danganta da abin da ya ci. Wani ya ce sabon bugun ya yi tsabta da yawa, kamar ɗakin asibiti, a mayar masa da ƙaras-ƙaras ɗinsa. Wani ya ce ƙararrawar nan kaɗai ta isa a yafe wa Turawa. Ni ina tsaye ina sauya fayafai da hannun hagu, ina jin kamar in yi ihu don daɗi.

Alhaji ya ɗaga murya ya ce, "Ku faɗi abin da za ku faɗa. Awo ya nuna, na yarda. Amma ni wancan mai kaurin shi ne Salifu. Wannan siririn ban san shi ba."

"Ka san shi, Mumuni."

Hajiya Memuna ce, daga cikin shago. Wannan karon kowa ya ji.

"Ka san shi. Shi ne yake zuwa bakin garejinku yana roƙon waya ya ɗaura wa jita, kuna korarsa kuna ce masa mai muryar tsuntsu. Ranar da aka fara sa faifan nan a shagon nan na ce muku ba muryarsa ba ce, kuka ce mace me ta sani da situdiyo. Ban sake zuwa ba. Wancan makon ina ta cewa ga shi, ga shi, kuna fasa gilashi." Ta gyara mayafinta. "Shekararsa ashirin da uku. Ku ne kuka tsufa, kuka ja shi ya tsufa tare da ku. Yaro ne. Ku bar min shi yaro."

Alhaji ya daɗe yana kallon zoben da ke hannunsa. Sannan ya taso ya zo gabana, ya dubi filastar da ke bayan hannuna.

"Adiza, ya warke?"

"Yana warkewa, Alhaji."

"Gilashin kantar, gobe za a kawo. Hannun kuma, ki yafe wa tsoho." Ya miƙo min zoben. "In za a sassaƙa sabo, ke za ki ba da awo. Kada ki bar wancan kurman ya matso kusa."

Masta ya ce, "Kurma ya fi makaho."

Jiya mutum huɗu cikin shidan nan suka dawo da fayafayansu. Masta ya ba ni ɗan sukudireba da guntun alli, ya ce akwai garmaho sama da ashirin a gidajen Zongo da Asokore Mampong da ke jiran takwas ɗinsu, ni zan bi su. Alhaji ya riga ya aiko cewa kada in taɓa nasa. To, 'yan ajinmu, in kun gan ni a motar trotro da alli a bayan kunne, wankin farantin ne ya kai ni.

Ɗazu da na ce muku na ajiye allura na sha ruwa, Hajiya ce zaune a shago. Tun ƙarfe takwas ta zo da kujerarta, ta ce fuska ta farko take so, a sabon inji. Na sake ɗaukar allurar, hannun yana ta rawa a saman faifan, na kasa saukewa. Sai ta miƙo nata hannun, mai taurin shekarun murhu, ta riƙe min wuyan hannu.

"Sauke, 'yata," ta ce. "Ƙanena yana jira."